Tarihin Gangamau, da Labarin Amfaninsa ga Hanta da Zuciya

Duk wanda ya saba ratsa rumfunan masu kayan yaji a manyan kasuwannin ƙasar Hausa ba zai rasa ganin wata 'yar saiwa mai kama da citta ba, wadda in an karya ta sai a ga cikinta ruwan ɗorawa ne, kamar gwaiduwar ƙwai. Sunanta na Hausa gangamau, waɗansu kuwa su kan ce kurkum, ko kurkur. Mutane da yawa sun ɗauka ɗan ƙasa ne, amma baƙo ne. Asalinsa ƙasar Indiya, kuma ya yi tafiya mai nisa kafin ya iso nan. Cikin wannan tafiya an yabe shi ƙwarai, an yi shari'a a kansa, an auna shi an sāke aunawa, har daga baya aka kama shi da laifin ɓata hantar da a ke cewa yana gyarawa. Ga yadda labarin ya ke.

Asalinsa

Gangamau dangin citta ne. Ganyensa dogo ne mai faɗi, amfaninsa kuwa yana ƙarƙashin ƙasa. Ba a shuka shi da iri, sai dai a gutsuttsura saiwar a binne, kamar yadda a ke yi wa gwaza. Bayan wata 7 zuwa 9, in ganyen ya bushe, sai a tone. Manoman Indiya su kan dafa saiwar tukuna, sa'an nan su shanya ta a rana wajen mako biyu, su goge bayanta, su niƙa. Har wa yau Indiya ce ke noma wajen kashi 3 cikin 4 na dukkan gangamau na duniya, manyan kasuwanninsa kuwa su ne garuruwan Erode, da Sangli, da Nizamabad.

Masu tonon kufai sun sami burbushinsa a jikin tukwane a wani tsohon mazauni da a ke kira Farmana, arewacin Indiya, tukwanen da suka haura shekara 4,000. Malaman magani na Hindu na zamanin da, irin su Charaka da Sushruta, sun ambace shi cikin littattafansu da sunan haridra. Suna ba da shi ga mai shawara, suna shafa shi ga miki da ƙuraje, suna ɗaura shi ga gaɓar da ta kumbura. Ba magani kaɗai ba ne a gare su. Da shi su ke miya, da shi su ke rini, kuma kafin a ɗaura aure sai an cuɗa wa ango da amarya shi, kamar yadda a ke sa amarya a lalle a ƙasar Hausa.

Yadda ya bazu

Fatake su ne suka fitar da shi. Cikin 2020 masana suka ba da labarin sun sami alamarsa a dattin haƙoran wani mutum da aka binne a Magiddo, ƙasar Kan'ana, fiye da shekara 3,000 da suka wuce. Wannan ya nuna tun zamanin nan kayan Indiya na isa gaɓar Bahar Rum. Ta wajen gabas kuwa ya shiga ƙasar Sin, har aka sa shi cikin babban littafin magunguna wanda hukumar ƙasar ta sa aka tsara cikin shekarar 659. Sa'ad da matafiyin nan na Italiya, Marko Polo, ya zaga kudancin Sin wajen ƙarshen ƙarni na 13, ya ga wani tsiro wanda ya ce yana yin aikin za'afaran alhali ba za'afaran ba ne, masana kuwa suna ganin gangamau ya ke nufi.

Larabawa suna kiransa kurkum, daga gare su ne Turawa suka ari sunan da malamansu ke kiransa da shi. Wani likita mutumin Fotugal, Garcia da Orta, wanda ya zauna a Gowa, ya bayyana shi cikin littafin da ya buga cikin 1563. A tsakiyar ƙarni na 17 kuma wani mai magani na Ingila, Nicholas Culpeper, ya lissafa shi cikin magungunan shawara da na ciwon hanta da saifa. Ashe ke nan daga Indiya har Ingila bakin masu magani ya zo ɗaya a kan hanta.

A ƙasar Hausa an daɗe da saninsa wajen rini. Likita Dalziel, wanda ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa, ya sa sunan gangamau cikin littafinsa na sunayen itatuwa da tsire-tsire da Hausa, wanda aka buga cikin 1916. Amma kada a haɗa shi da rawaya. Rawaya tsiron daji ne na ƙasar nan, ita ma saiwarta tana rini, kuma da ita masu magani suka daɗe suna yi wa shawara jiƙo.

A nan akwai abin lura guda biyu. Na fari, a ƙasashe da yawa mutanen da su kan haɗa launin magani da launin cuta. Ido ya yi rawaya, sai a nemo saiwa mai rawaya. Na biyu, akwai irin shawarar da ke warkewa don kanta bayan 'yan makonni, ko an sha magani ko ba a sha ba. To, in mutum ya sha jiƙo ya warke, jiƙon ne zai sha yabo. Saboda haka yawan masu shaida da daɗewar al'ada ba su isa su raba gardama ba. Sai an gwada a kan san na ƙwarai.

Masu bincike sun sa hannu

Cikin 1815 waɗansu masana biyu a birnin Paris, Vogel da Pelletier, suka tace gangamau suka fitar da abin da ke ba shi launi, suka sa masa suna kurkumin. Pelletier ɗin nan shi ne wanda, shi da abokinsa Caventou, suka fitar da kwinin daga ɓawon itace cikin 1820. Aka ɗauki kusan shekara 100 kafin a gane yadda ƙirar kurkumin ta ke. Cikin 1910 ne masana uku 'yan asalin Folan, Milobedzka, da Kostanecki, da Lampe, suka warware wannan, cikin 1913 kuma aka iya haɗa shi ba tare da saiwar ba. Da aka auna sai aka ga ɗan kaɗan ne cikin garin, wajen kashi 3 cikin 100. Wannan lissafi yana da muhimmanci, za a komo kansa.

Cikin 1937 wani likita a Bairut, Albert Oppenheimer, ya ba mutum 67 masu ciwon matsarmama maganin da aka yi da kurkumin, ya ce sun sami sauƙi. Sai dai bai ware waɗansu majinyata ya hana su maganin ba, balle a gwama a ga bambanci. Cikin 1973 kuma Srimal da Dhawan, a ma'aikatar binciken magunguna ta Lucknow, suka sa wa ɓeraye kumburi a ƙafa da gangan, suka ba su kurkumin, suka ga kumburin ya ragu. Cikin 1995 aka gano cewa, in an zuba shi kan ƙwayoyin halittar jiki da a ke reno cikin kwalba, yana toshe wata hanya wadda ta cikinta jiki ke ba da umurnin a ta da kumburi. Daga nan sunansa ya cika duniya.

Abin da ya haɗa kumburi da zuciya da hanta

Mai karatu zai so ya san me ya kawo zancen kumburi cikin ciwon zuciya. Kumburi dai faɗa ne da jiki ke yi. In ƙaya ta soki mutum, jini ya kan taru a wurin, dakarun jini su yi ca a kan abin da ya shigo. Tun ƙarni na 1 wani malamin Rum, Celsus, ya lissafa alamunsa 4, watau ja, da tashi, da zafi, da zogi. Wannan kumburi alheri ne, da shi miki ke warkewa. Amma akwai wani na ɓoye, wanda ba ya zogi, yana ci a hankali shekara da shekaru kamar wutar ƙaiƙayi.

In wani irin maiƙo ya yi yawa cikin jini, ya kan kutsa cikin bangon jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini. Dakarun jini su bi shi su haɗiye, su mutu a wurin, har abin ya taru ya zama kamar maruru a cikin bangon. Ran da marurun nan ya fashe sai jini ya daskare a kansa, hanya ta toshe, sashen zuciyar da ke bayan toshiyar ya rasa jini ya mutu. Likitan Jamus, Rudolf Virchow, ya faɗi tun tsakiyar ƙarni na 19 cewa akwai kumburi cikin wannan cuta, amma hujja ba ta cika ba sai cikin 2017, sa'ad da aka gama gwada wata allura mai rage kumburi kaɗai a kan mutum 10,061 masu ciwon zuciya. Waɗanda aka yi wa ita gwargwadon da ya dace, haɗarinsu ya ragu da wajen kashi 15 cikin 100.

Hanta ma haka. Ita ce matatar jiki. Yawancin abin da mutum ya ci ko ya sha, daga hanji wurinta ya ke fara zuwa. In ƙwayar cuta, ko giya, ko kitse mai yawa ya dame ta, sai ta kumbura. In kumburin ya daɗe sai tabo ya maye gurbin nama, hanta ta ƙandare, ciki ya tara ruwa. Saboda haka masana suka ce, in dai gangamau na kashe kumburi, ai kuwa zai tsare gaɓoɓin nan biyu. Magana ce mai shiga hankali, saura a gani a jikin ɗan Adam.

Shari'ar mallaka

Ana cikin haka sai wata rigima ta taso. Cikin watan Maris na 1995 hukumar Amurka mai ba da takardar mallakar sababbin dabaru ta ba asibitin Jami'ar Misisifi takarda, cewa masu bincikensa biyu su ne suka gano warkar da miki da garin gangamau. Masu binciken kuwa 'yan asalin Indiya ne. Da labari ya kai Indiya sai hankali ya tashi, don kuwa abin da kowace tsohuwa ke yi a ɗakinta ne aka ce sabo ne.

Majalisar bincike ta Gwamnatin Indiya, a ƙarƙashin shugabanta Mashelkar, ta ɗaukaka ƙara cikin 1996. To, hukumar Amurka ba ta karɓar "haka muka gada". Sai abin da ke rubuce. Aka shiga tonon littattafai, aka kawo shaida 32 a rubuce, waɗansu da Sanskirit, waɗansu da Urdu da Hindi, har da wata maƙala ta likitocin Indiya ta 1953. Cikin 1997 aka soke takardar. Indiya ta ɗauki darasi. Cikin 2001 ta kafa taska ta tattara ilmin magungunanta na gargajiya, ta juya shi cikin manyan harsunan duniya, don kada wani ya sāke cewa shi ya ƙago. Da kakanninsu ba su rubuta ba, da an ci su da shari'a. Wannan abin tunani ne ga kowace al'umma wadda ilmin magungunanta ke cikin kawunan tsofaffi kaɗai.

Gwaji a jikin mutane

Wahala ta fari da masu gwaji suka tarar ita ce kurkumin ba ya son shiga jini. Ba ya narkewa cikin ruwa, yawancinsa wucewa ya ke yi ta hanji, ɗan abin da ya shiga kuwa hanta ta kan sarrafa shi ta fitar nan da nan. Watau abin da ya yi aiki cikin kwalba ba lalle ya kai inda a ke bukatarsa cikin jiki ba. Cikin 1998 masu bincike a Bangalore suka ce in an haɗa giram 2 na kurkumin da miligiram 20 na abin da ke ba masoron Indiya yaji, abin da ke shiga jini ya kan ninka sau 20. 'Yan kasuwa suka kama wannan dabara, suka cika kantuna da ƙwayoyi.

Ga zuciya, gwajin da ya fi suna shi ne na Chiang Mai, ƙasar Tailan, cikin 2012. Aka raba mutum 121 da za a yi wa aikin jijiyar zuciya kashi biyu, waɗansu aka ba su giram 4 kullum, waɗansu aka ba su ƙwayar da ba kome cikinta. Cikin masu shan ta wofi kashi 30 cikin 100 suka sami mutuwar sashen zuciya bayan aiki, cikin masu shan maganin kuwa kashi 13. Aka yi murna. Amma cikin 2018 likitocin Kanada suka ba da labarin nasu gwajin a asibitoci 10, kan mutum wajen 600 da aka yi wa aikin babbar jijiyar ciki. Kumburi bai ragu ba ko kaɗan, ciwon ƙoda ma ya fi yawa ga masu shan maganin, kashi 17 cikin 100, ga sauran kuwa kashi 10.

Ga hanta, an yi gwaje-gwaje da dama a Iran kan masu kitsen hanta. Ɗaya na 2016 ya ɗauki mutum 80 har mako 8, ya ga kitsen ya ragu. Irin waɗannan suna ƙarfafa zuciya, amma mutanen kaɗan ne, kwanakin kuma gajeru, alhali cutar hanta ta shekaru ce. Cikin 2017 masana na Jami'ar Minesota da abokansu suka bi diddigin gwaji fiye da 120, suka ce babu wani mai cikakken sharaɗi da ya tabbatar kurkumin na warkar da wata cuta. Suka ƙara da cewa shi abu ne mai ruɗin ma'auni, launinsa da saurin lalacewarsa su kan sa a ga kamar ya yi aiki cikin kwalba. Bugu da ƙari, tun daga 2016 mujallun ilmi suka janye maƙaloli masu yawa na ɗaya daga cikin manyan masu yabonsa, saboda an sami aibi cikin hotunan da ya kafa hujja da su.

Kada a ce don tsiro ne aka ƙi shi. Akwai wani tsiro da likitocin Larabawa ke kira suranjan, wanda aka daɗe ana ba masu ciwon gaɓɓai. Maganin da aka fitar daga cikinsa, kolcisin, an gwada shi kan mutum 5,522 masu ciwon zuciya a Ostireliya da Holan, aka ga amfaninsa cikin 2020, hukumar magunguna ta Amurka kuma ta yarda da shi don zuciya cikin 2023. Duk da haka ba a daina auna shi ba, har wani babban gwaji na 2024 bai ga amfanin nan ba. Ma'auni ɗaya ne ga kowa.

Magani ya koma cuta

Zuma da zaƙi, da harbi. Cikin 2019 hukumar lafiya ta Italiya ta sami labarin mutum fiye da 20 da hantarsu ta kumbura, idonsu ya yi rawaya, bayan sun sha ƙwayoyin gangamau, ta sa aka riƙa rubuta gargaɗi a jikin kwalabe. Cikin 2022 likitocin Amurka suka bayyana mutum 10, aka kwantar da 5 a asibiti, 1 ya rasu. Suka lura 7 cikinsu suna da wata alama guda da a ke gado cikin jini, watau akwai mutanen da jikinsu bai jitu da shi ba tun daga haihuwa, su kuwa ba su sani ba. Ostireliya ma ta yi gargaɗi cikin 2023. Ga shawarar da aka ce yana warkarwa, ga shi ya kawo ta.

Lissafi zai nuna dalili. Masana na Majalisar Ɗinkin Duniya sun yanke cewa abin da ba shi da haɗari a yini shi ne miligiram 3 ga kowane kilo na nauyin mutum. Mai kilo 60 ke nan rabonsa miligiram 180. Ƙaramin cokali na garin gangamau, wajen giram 3, yana ɗauke da miligiram 90 ko kusa da haka, kuma tukunya guda ta iyali duka ce. Amma ƙwaya ɗaya ta kanti ta kan ɗauki miligiram 500, ga kuma yajin masoro da aka sa don ya hana hanta fitar da shi. Abin da kakannin Indiyawa suka ci shekara dubbai daban, wannan daban.

Akwai kuma algus. A Bangaladash, tun wajen 1980, masu goge saiwa suka shiga barbaɗa mata wani garin fenti mai dalma don ta yi kyaun gani a kasuwa. Dalma kuwa guba ce mai ɓata ƙwaƙwalwar yara. Mutanen Zamfara sun ga aikinta cikin 2010, sa'ad da ƙurar haƙar zinariya ta kashe yara wajen 400. Da masu bincike suka tona asirin cikin 2019, hukuma ta yi shela, ta ci masu laifi tara. Cikin samfurin da aka auna a kasuwa, kashi 47 cikin 100 ne ke da dalma cikin 2019, amma cikin 2021 ba a sami ko ɗaya ba.

Inda magana ta tsaya

Gangamau cikin miya abinci ne mai kyau, masu lafiya ba su da abin tsoro a ciki, wanda kuma ya sayi saiwa ya wanke ya daka da kansa ya rage haɗarin algus. Cewa yana rage kumburi cikin kwalba da jikin ɓera, wannan ya tabbata. Cewa yana hana ciwon zuciya, ko yana warkar da hanta, wannan da'awa ce wadda shaidunta ba su cika ba tukuna. Mai ciwon hanta, da mai tsakuwar matsarmama, da mace mai ciki, da mai shan maganin tsinka jini, bai kamata su sha ƙwayarsa ba sai da sanin likita.

Wanda idonsa ya yi rawaya kuwa, abin da ya fi masa shi ne ya je a auna jininsa, a san irin shawarar da ke damunsa. Ciwon hanta na B, wanda ya yi yawa a Afirka ta Yamma, yana da allurar rigakafi tun 1982, kuma akwai maganin da ke danne shi. Na C kuwa tun 2014 ana warkar da yawancin masu shi da ƙwayoyi cikin mako 12. Wanda ya zauna yana shan jiƙo shekara biyu, alhali ƙwayar cuta na cin hantarsa, ya yi hasarar kwanakin da ba su komowa. Masu magani na da sun yi iyakar ƙoƙarinsu da ido da harshe da haƙuri, sun bar gado mai yawa. Hakkin na baya shi ne su rubuta gadon nan kada ya ɓace, sa'an nan su auna shi, su riƙe abin da ya tabbata.